Jijiyoyin Ɗaurin Gaɓoɓi: Yadda Suke, Aikinsu a Jiki da Abin da Ke Faruwa Idan Sun Tsinke

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma mafi yawansu suna haɗuwa da juna ne a gaɓoɓi, kamar gwiwa da ƙugu da kafaɗa da idon sawu. Abin da ke riƙe ƙashi da ɗan'uwansa a waɗannan mahaɗai shi ne wasu jijiyoyi farare, gajeru, masu tauri, waɗanda likitoci ke kira ligamen. Sunan ya samo asali ne daga wata kalma ta harshen Latin mai ma'anar ɗaurewa, don haka kiransu jijiyoyin ɗaurin gaɓoɓi ya yi daidai da aikinsu. Akwai ɗaruruwansu a jikin mutum, daga wuya har zuwa yatsun ƙafa. Suna barin gaɓa ta motsa ta fuskar da aka halitta ta don ta motsa, su kuma tsayar da ita idan ta nemi wuce iyaka. Suna da ƙarfi ƙwarai, amma jinin da ke isa gare su kaɗan ne, saboda haka idan sun yi rauni sukan daɗe ba su warke ba, wasu ma ba sa haɗewa da kansu.

Jijiya iri huɗu

Kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abubuwa huɗu da suka sha bamban. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai jijiyar laka, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Akwai agara, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, kamar babbar agarar da ke bayan diddige. Ta huɗu ita ce jijiyar ɗaurin gaɓa, mai haɗa ƙashi da ƙashi. Girkawan dā ma da kalma ɗaya suke kiran agara da jijiyar laka. Daga cikin waɗanda suka rarrabe su a rubuce akwai Galen, likitan da ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, wanda malaman Larabawa suka sani da Jalinus, kuma ya fara aikinsa ne da jinyar masu wasan takobi a birnin Pergamon.

Agara da jijiyar ɗaurin gaɓa sun yi kama da juna a ido, amma aikinsu daban ne. Idan tsoka ta ɗaure, agara ce ke jan ƙashi ya motsa. Ita kuwa jijiyar ɗaurin gaɓa ba ta jan komai, kuma mutum ba ya iya sarrafa ta da nufinsa. Tana nan ne kamar dabaibayi, sai motsi ya kai iyaka sannan ta miƙe ta tsayar da shi. Raunin da ke samun ta shi ne mafi yawan abin da ake kira targaɗe.

Abin da ke cikinta

Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin jijiyar ɗaurin gaɓa ruwa ne. Mafi yawan abin da ya rage wani sinadarin gina jiki ne mai suna kolajin, wanda yake a siffar zarurruka ƙanana da aka jera kusa da juna aka murɗe, kamar igiyar rama. Akwai kuma ɗan wani sinadarin mai suna ilastin, wanda ke miƙewa ya dawo kamar roba. A tsakanin zarurrukan akwai ƙwayoyin halitta da ke saƙa sabon kolajin suna gyara wanda ya lalace. Jiki ba ya iya haɗa kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C, wanda ake samu a lemo da gwaiba da tumatir da kukar ɗanya.

Lokacin da gaɓa ke hutawa, zarurrukan kolajin sukan kwanta a ɗan lanƙwashe. Idan aka ja su, lanƙwasar ce ke fara miƙewa, shi ya sa jijiyar kan ɗan ba da kai da farko. Da zarar sun miƙe sarai sai ta yi tauri. Idan ƙarfin jan ya ci gaba, zarurrukan sukan fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai jijiyar ta rabu biyu.

A cikin jijiyar akwai kuma ƙananan jijiyoyin laka masu jin miƙewa da matsi. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gaɓa take da yadda ta karkata, ko da mutum ya rufe idonsa. Da wannan saƙo ne tsokoki ke ɗaurewa nan take su tare ƙafa idan ta taka rami cikin duhu. Idan jijiya ta tsinke, wannan saƙon ma yakan raunana, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa wanda ya taɓa yin targaɗe a idon sawu ya riƙa maimaita shi.

Gwiwa da idon sawu

Gwiwa tana da manyan jijiyoyin ɗauri huɗu. Biyu suna can cikin tsakiyar gaɓar, sun gitta wa juna. Ta gaba, wadda masu bin wasanni suka sani da ACL, tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya baro ƙashin cinya, tana kuma hana gwiwa murɗewa. Ta baya ta fi ta kauri da ƙarfi, kuma tana hana ƙashin ƙwauri zamewa baya. Ita ce ta fi tsinkewa a hatsarin mota ko na babur, inda gaban ƙwauri ke bugun wani abu mai tauri alhali gwiwa tana lanƙwashe. Sauran biyun suna gefe da gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana gwiwa karyewa zuwa hagu ko dama.

A idon sawu akwai jijiyoyi uku ta gefen waje, da kuma wata faffaɗa mai ƙarfi ta gefen ciki. Da yake ta cikin ta fi ƙarfi, kuma ƙafa ta fi saurin juyawa ta yadda tafinta zai kalli ciki, mafi yawan targaɗen idon sawu a gefen waje yake faruwa. Wadda ta fi saurin yagewa ita ce ta gaba daga cikin ukun, domin ita ce mafi rauni.

Ƙugu, kafaɗa da ƙashin baya

Jijiyar ɗauri mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam tana gaban mahaɗar ƙugu da cinya. Ta rabu biyu ta ƙasa kamar gwafa, kuma ana danganta sunanta da Henry Bigelow, wani likitan tiyata na birnin Boston a Amurka da ya yi bayaninta a ƙarni na 19. Idan mutum ya miƙe tsaye takan ɗaure ta hana gangar jiki faɗawa baya, don haka yana iya daɗewa a tsaye ba tare da tsokokinsa sun gaji sosai ba.

Kafaɗa kuwa jijiyoyinta sakwa-sakwa ne, ramin da kan ƙashin dantse ke zama a ciki kuma ba shi da zurfi. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa kowace fuska, kuma shi ne ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa.

Ƙashin baya yana da dogayen jijiyoyi biyu da suka bi shi daga wuya zuwa ƙasa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ban da gajeru da ke haɗa kowane ƙashi da na kusa da shi. Wasu daga cikin gajerun launinsu ruwan ɗorawa ne saboda yawan ilastin da ke cikinsu, suna miƙewa idan mutum ya sunkuya su kuma taimaka masa ya ɗago. A can saman wuya akwai wata ƙaramar jijiya da ke riƙe ƙashin wuya na farko da na biyu. Tsinkewarta na iya sa ƙashi ya danne laka, wanda ke jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ma'aikatan agaji ke hana a jujjuya wuyan wanda ya yi hatsari.

A bayan wuya akwai wata jijiyar da ke taimakawa wajen riƙe kai. A jikin mutum ba ta da girma sosai, amma a jikin sa da doki da raƙumi tana da kauri, domin ita ke ɗaukar nauyin kai. Mahauta sun san ta sarai: ita ce jijiyar nan ruwan ɗorawa ta wuyan sa da ba ta taunuwa komai dahuwarta.

Hannu, haƙori da kayan ciki

A gwiwar hannu akwai wata jijiya da ta zagaye kan ɗaya daga cikin ƙasusuwan hannu kamar zobe. A jikin yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 wannan zoben bai gama ƙwari ba, don haka idan babba ya fizgi hannun yaro ko ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya, kan ƙashin yana iya zamewa. Yaron zai saki hannun ya ƙi amfani da shi, yana kuka idan an taɓa. Likita yakan mayar da shi cikin ɗan lokaci, amma abin da ya fi shi ne a riƙa ɗaukar ƙananan yara ta hammata.

A wuyan hannu wata faffaɗar jijiya ta yi rufi a kan agarori da wata jijiyar laka da ke wucewa zuwa tafin hannu. Idan wurin ya kumbura, jijiyar lakar takan matsu, sai babban yatsa da na kusa da shi su riƙa yin sanyi da tsikari, musamman da dare.

Kowane haƙori ma yana zaune ne a cikin muƙamuƙi bisa wata siririyar jijiyar ɗauri da ke rage ƙarfin tauna. Cutar dasashi ce ke cinye ta, har haƙorin da bai ruɓe ba ya fara girgiɗi ya fita. Likitoci kuma suna kiran wasu tantanai da ke riƙe hanta da mahaifa da wannan suna, ko da yake ba ƙashi suke haɗawa ba. Miƙewar jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ce ke jawo sukar da mata masu juna biyu kan ji a gefen mara, galibi daga wata na huɗu zuwa na shida. A lokacin goyon ciki kuma jiki yana fitar da wani sinadari mai sassauta jijiyoyin ƙugu domin hanyar haihuwa ta buɗe.

Matakan rauni

Likitoci sun kasa targaɗe mataki uku. A mataki na 1, jijiya ta miƙe fiye da kima, 'yan zarurruka kaɗan sun tsinke, akwai zafi da ɗan kumburi, amma gaɓa tana nan daram. A mataki na 2, wani sashe na jijiyar ya yage, kumburi ya yi yawa, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, gaɓar kuma ta ɗan saki. A mataki na 3, jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a wannan mataki na ƙarshe zafi yakan lafa bayan 'yan kwanaki, mutum ya koma tafiya ya ɗauka ya warke, alhali gaɓar ba ta da maɗauri.

Tsinkewar jijiyar gaba ta cikin gwiwa ita ce ta fi shahara. Kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan rauni ba karo ne ke jawo shi ba. Ɗan wasa ne ke kafa ƙafarsa a ƙasa ya juya da sauri, ko ya tsaya kwatsam, ko ya diro daga tsalle gwiwarsa ta karkata ciki. Da yawa sukan ji ƙara a cikin gwiwar, sannan ta kumbura cikin 'yan sa'o'i saboda jinin da ya taru. Wannan rauni ne ya samu Virgil van Dijk na Liverpool a wasansu da Everton a watan Oktoban 2020, bai sake buga wasa a wannan kakar ba. Shi ne kuma ya samu Rodri na Manchester City a watan Satumban 2024, har ya karɓi kyautar Ballon d'Or a watan da ya biyo baya yana dogara sanduna.

Mata 'yan wasa sun fi maza fuskantar wannan rauni, ninki biyu ko fiye. Masana suna danganta hakan da faɗin ƙugu, da yanayin dirowa daga tsalle, da bambancin ƙarfin tsokokin cinya, da kuma ƙarancin kayan horo da kulawa. Leah Williamson da Beth Mead na Ingila da Vivianne Miedema ta Holan duk ba su buga Gasar Cin Kofin Duniya ta Mata ta 2023 ba saboda shi. A Najeriya, Asisat Oshoala ta fice daga Gasar Cin Kofin Afirka ta Mata ta 2022 a Maroko bayan wasan farko da Afirka ta Kudu, sai dai ita raunin nata a jijiyar gefen ciki ta gwiwa ne.

Akwai kuma waɗanda aka haifa da kolajin mai rauni, kamar masu larurar Ehlers-Danlos. Gaɓoɓinsu sukan lanƙwashe fiye da na sauran mutane, kuma sukan yawan gocewa.

Yadda take warkewa

Warkewar jijiya tana bin zango uku. A kwanakin farko jini yakan taru ya daskare a wurin raunin, wurin ya kumbura. A makonnin da ke biye ƙwayoyin halitta sukan saƙa sabon kolajin, amma a hargitse kuma ba ƙarfi. Daga nan sai a shiga zango mafi tsawo, wanda kan ɗauki watanni har shekara ko fiye, inda zarurrukan ke jeruwa bisa fuskar da ake jan su. Saboda haka ne motsa gaɓa a hankali, bisa shawarar ƙwararre, ya fi ɗaure ta tsawon lokaci amfani. Gaɓar da aka hana motsi takan sandare, jijiyarta kuma ta ƙara rauni. Ko bayan warkewa, tabon da ya maye gurbin yagewar ba kasafai yake kai ƙarfin asali ba.

Targaɗe mai sauƙi yakan warke cikin mako 1 zuwa 3, matsakaici kuma mako 3 zuwa 6 ko fiye. Jijiyar gefen ciki ta gwiwa tana samun jini daidai gwargwado, don haka galibi tana warkewa ba tare da tiyata ba. Ta gaba ta cikin gwiwa kuwa tana cikin ruwan gaɓa, wanda ke hana gudan jini tsayawa ya haɗa bakin yagewar, shi ya sa ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Gwiwar da aka bari tana zamewa takan yaga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, kuma wannan yana gaggauta zuwan amosanin gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Taimakon farko da zuwa asibiti

A kwana biyun farko ana so a hutar da gaɓar, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20 sau da dama a rana, a naɗa bandeji ba tare da matsewa sosai ba, a kuma ɗaga ƙafar ko hannun a kan matashi. Gasawa da ruwan zafi, da murza wurin da ƙarfi, da jan gaɓar a waɗannan kwanaki suna ƙara zubar jini da kumburi.

Ya kamata a je asibiti idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko ƙashin idon sawu kansa yana zafi idan an danna, ko gaɓar ta karkace, ko gwiwa ta kumbura nan da nan, ko ta riƙa zamewa ko maƙalewa, ko yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, amfaninsa shi ne a tabbatar babu karaya. Likita yakan gano tsinkewar jijiya ta hanyar gwada gaɓar da hannu, sannan a tabbatar da hoton MRI.

Mutane da yawa a Najeriya wurin masu ɗori suke fara zuwa, saboda kusanci da sauƙin kuɗi. Sai dai jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba a iya ɗora ta daga waje, kuma ɗauri mai tsanani da karare yana iya tare jini har naman gaɓar ya mutu, lamarin da likitocin ƙashi a ƙasar suka daɗe suna gargaɗi a kansa domin yakan kai ga yanke hannu ko ƙafa. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi da ke Legas, da Inugu, da Dala a Kano, ban da sassan ƙashi da na gashin ƙashi a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya.

Tiyata da rigakafi

Ba kowane wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke ne ke buƙatar tiyata ba. Wanda aikinsa bai ƙunshi tsalle da juyi ba yana iya rayuwa lafiya idan ya ƙarfafa tsokokin cinyarsa a wurin masu gashin ƙashi. Matashi ɗan wasa, ko soja, ko wanda gwiwarsa ke ci gaba da zamewa, shi ake ba shawarar tiyata. Ba a cika ɗinke jijiyar ba, sabuwa ake dasawa. Likita yakan yanko wani yanki na agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta ya kafe. Likitan Ingila Ernest Hey Groves ya bayyana irin wannan aiki a birnin Bristol a 1917, kuma a yau ana yin sa ne ta ƙananan huji da na'ura mai kyamara. A 1974 likita Frank Jobe ya yi makamancinsa a gwiwar hannun Tommy John, ɗan wasan ƙwallon sanda na Amurka, kuma har yau da sunan ɗan wasan ake kiran wannan tiyata. Bayan dashen jijiyar gwiwa, komawa fili yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 na motsa jiki a ƙarƙashin kulawa, kuma gaggawar komawa tana ƙara haɗarin sake tsinkewa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tsoka mai ƙarfi ita ke ɗauke wa jijiya nauyi, don haka ƙarfafa cinya da ƙugu da sha-raɓa, da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya, da dirowa daga tsalle gwiwa a lanƙwashe kuma a saitin yatsun ƙafa, duk suna kare gaɓa. Hukumar FIFA ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+ a 2006, wanda ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka ga ƙungiyoyin da ke yin sa a kai a kai. Takalmin da ya dace da filin, da rage ƙiba, da barin shan taba mai jinkirta warkewar rauni, suna cikin abin da likitoci ke ba da shawara. Wanda kuma ya riga ya yi targaɗe, ana so ya kammala motsa jikin da aka tsara masa har gaɓar ta dawo da ƙarfinta da daidaitonta, ko da zafi ya daɗe da tafiya.